Yadda Sabon Marubuci Zai Tsara Labari, Ya Tallata Shi, Ya Sayar da Shi Ta Wayar Hannu

Shekaru talatin da suka wuce, matashin da ya rubuta labari a Yelwa ko Wara ko Shanga, idan yana son jama'a su karanta, sai ya ɗauki rubutunsa ya hau mota, galibi zuwa Kano. A can zai biya mai buga keken rubutu, ya biya maɗaba'a, sannan ya miƙa littattafan ga dillalan kasuwar Sabon Gari, ya koma gida yana jiran ciniki. Ta irin wannan hanya ta buga littafi da kuɗin aljihu Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, kuma ta nan akasarin marubutan Adabin Kasuwar Kano suka bi.

Yau wayar Android ɗaya ta wadatar. Da ita ake rubutu, da ita ake haɗa bango, da ita ake talla, kuma a cikinta kuɗi ke shigowa. Sai dai akwai abin da sababbin marubuta ke mantawa da shi: dillali ya fita daga tsakani, amma aikin da yake yi yana nan, kuma a kan marubuci ya faɗo. Shi ne zai tace labari, shi ne zai nemo masu saye, shi ne zai karɓi kuɗi, shi ne kuma zai yi gadin kayansa. Wanda ya iya rubutu kaɗai bai san sauran ba, yakan wayi gari ya ga littafinsa yana yawo kyauta a zaurukan WhatsApp, ko kuɗin data bai mayar ba.

Wannan darasi ya bi waɗannan ayyuka ɗaya bayan ɗaya, tare da misalai daga ƙasar Yauri da bakin Tafkin Kainji.

Mataki na 1: Zaɓar labarin da ba kowa ke da shi ba

Duk mai bibiyar littattafan Hausa na intanet ya san zubinsu: attajiri a Abuja, 'yar talakawa a Kano, tafiya Dubai, auren dole da ya rikiɗe ya zama soyayya. Ana sayen irin waɗannan, amma waɗanda suka yi suna a kansu sun riga sun cika kasuwar. Sabon shiga da ya kwaikwaye su zai zama na ɗari a layi.

Marubucin da ya tashi a Yauri, Ngaski ko Shanga yana da kayan da na Kano ba shi da su. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968, kuma tafkin da ya taru a bayanta ya tashi mutane sama da dubu 40 daga garuruwansu. Tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa har yau, haka ma wasu gungayen da Gungawa suka zauna a kai kaka da kakanni. Akwai tsofaffin da suka ga ranar tashin da idonsu. Akwai Kambari da Shangawa da Sarkawa masunta, kowa da al'adar aurensa da ta sana'arsa. Akwai bikin Rigata, akwai cinikin albasa da shinkafa da banda. Ta fuskar tarihi, Mungo Park ya ratsa Yauri a 1806 kafin ya halaka a Bussa, kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, sun iso Yauri a 1830 suna cigiyar takardunsa. Mai son zurfafa bincike yana iya neman rubuce-rubucen Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wanda ya yi nazari a kan masarautar Yauri ta ƙarni na 19.

Jigon soyayya ko kishi ko gado ba laifi ba ne. Abin da ake so shi ne a dasa shi a wurin da marubuci ya sani ciki da bai. Mai karatu a Maraɗi ko Zariya bai san bambancin taru da birgi da mamari ba, bai san yadda ake jiran kwale-kwale ranar kasuwa ba, kuma wannan rashin sanin ne zai riƙe shi.

A kula da abu ɗaya. Yankin ya ga musibu na kusa: kifewar jirgin ruwa kusa da Wara ranar 26 ga Mayu, 2021, wadda ta ci rayuka masu yawa, da sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni na wannan shekara. Iyalan da abin ya shafa suna raye, wasu ma maƙwabtan marubucin ne. Idan zai taɓa irin wannan, ya ƙirƙiri gari da mutane nasa, kada ya ɗauki sunan wani ko labarin gidan wani ya mayar da shi haja.

Mataki na 2: Tsari kafin rubutu

Kafin a rubuta shafin farko, a taƙaita labarin cikin jimla ɗaya ko biyu da ke amsa tambayoyi uku: wane ne tauraro, me yake nema, me ya tare masa hanya? Ga misali:

"A shekarar da za a tashi gungunsu saboda ruwan Kainji, wata budurwa 'yar masunta ta gano cewa saurayin da za ta aura shi ne tafintan jami'an da ke ƙidayar gidajen da za a nutsar."

Idan jimlar ta ƙi fitowa, labarin bai nuna ba tukuna. Idan ta fito, ta yi amfani sau uku: ita ce jagorar rubutu, ita ce za a rubuta a bangon baya, ita ce kuma za a fara turawa duk wanda ake son ya saya.

Daga nan sai jadawali. A rubuta lambobin babi daga 1 zuwa 30, misali, a gaban kowace lamba a sa layi ɗaya na abin da zai faru. A keɓe wani shafi na taurari: suna, shekaru, dangantaka, yadda kowa ke magana. Wannan shafin ne ke hana a kira mutum Baffa a babi na 3, a mayar da shi Kawu a babi na 19.

Kayan aikin da ake buƙata kaɗan ne, kuma kyauta ne:

Gboard: a shiga saituna, a ƙara harshen Hausa, domin a samu haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Bambancin "kafa" da "ƙafa", ko "dauka" da "ɗauka", shi ke fara nuna wa alƙalin gasa irin marubucin da ke gabansa.

Google Docs: yana ƙirga kalmomi, yana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi tare da kwanan wata, kuma ana iya saita fayil ya buɗu ba tare da data ba. Wannan yana da muhimmanci ga mazauna ƙauyukan bakin ruwa inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Da zarar sabis ya dawo, rubutun zai hau asusun Google da kansa.

WPS Office: domin mayar da rubutu PDF idan an gama.

Canva: domin haɗa bango. Hoton kwale-kwale da yamma da marubuci ya ɗauka da wayarsa ya fi hoton wata 'yar fim ɗin Indiya da aka kwaso a intanet, kuma ba mai kai ƙararsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rubuta labari kai tsaye a cikin akwatin saƙon WhatsApp. Ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka ƙwace lambar, aikin wata shida ya tafi.

Mataki na 3: Gyara, kuma a gama kafin a fara saki

Al'adar da ta yaɗu ita ce a rubuta shafi yau a saki yau. Tana da daɗi a farko saboda sharhin masu karatu, amma ita ce ke haifar da littattafan da suka tsaya a tsakiya bayan an karɓi kuɗin mutane. Rashin lafiya, jarrabawa, lalacewar waya ko ɗaukewar wuta na mako guda sun isa su tsayar da komai. Sabon marubuci ya gama littafinsa na farko gaba ɗaya, ko aƙalla kashi biyu cikin uku, kafin ya sanar da kowa.

Gyara hawa uku ne. Na farko, a ajiye rubutun mako biyu, sannan a karanta shi da babbar murya. Duk inda harshe ya sarƙe, akwai matsala. Na biyu, a ba mutum biyu ko uku da ba sa jin nauyin marubucin, a yi masu tambaya takamaimai: a wane babi kuka fara gajiya, wane tauraro ne bai gamsar da ku ba? Na uku, ƙa'idojin rubutu: raba kalma da haɗe ta, babban baƙi, alamar zance. Malamin Hausa na sakandare zai iya wannan aiki, kuma kuɗin da aka ba shi ba asara ba ne.

Batun karin harshe kuma, labarin ya tafi da daidaitacciyar Hausa, a bar karin Yauri ko na Sakkwato a bakin taurari. Hakan yana ba labari ɗanɗanon wurin ba tare da ya wahalar da mai karatu na nesa ba.

Mataki na 4: Gabatar da aiki ga masu saye da masu gasa

Ƙofofi uku ne suka fi buɗuwa ga wanda ba a san shi ba.

Ta farko ita ce gasa. Tun asali ta nan ƙagaggen labarin Hausa na boko ya shigo: gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A wannan zamani akwai Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira, kuma a 2022 Amira Souley daga Maraɗi ta zo ta ɗaya da Garar Biki. An saba neman labari mai kalmomi 1,000 zuwa 1,500 wanda ba a taɓa wallafa shi a ko'ina ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana kayar da mutane: labarin da aka riga aka sa a Facebook ko Wattpad ya zama wallafaffe. A karanta ƙa'idojin kowace shekara daga shafin masu gasar, kuma a yi hattara da duk wanda ya turo lambar asusu ta WhatsApp yana cewa kuɗin rajista ne.

Ta biyu ita ce tashoshin YouTube masu karanta littattafan Hausa da murya. Su suna samun kuɗin talla ne bayan tasha ta cika sharaɗin YouTube na mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, don haka kullum suna neman sabon labari mai tsawo. Wasu suna biya, wasu kuwa ɗauka kawai suke yi.

Ta uku ita ce fim. Fauziyya D. Sulaiman da Nazir Adam Salih duk da littattafai suka fara kafin su koma rubuta fina-finai da shirye-shiryen tashar Arewa24. Hanyar a buɗe take, sai dai rubutun fim yana da tsarinsa daban da sai an koya.

Ga tasha ko furodusa, saƙon gabatarwa ya zama gajere, kuma ya ƙunshi abubuwa biyar: gaisuwa da sunan marubuci, jimlar nan ta Mataki na 2, tsawon littafin da tabbacin cewa an gama shi, babi uku na farko a PDF, sai abin da ake nema, wato sayar da izinin karantawa ko na mayarwa fim. Ba a tura cikakken littafi kafin a yi yarjejeniya. Ba a kuma tura "Slm" a zauna jiran amsa. Mai tasha yana samun irin wannan da yawa a rana, kuma ba ya buɗewa. Idan mako biyu ya wuce shiru, a tuna masa sau ɗaya, sannan a matsa gaba.

Mataki na 5: Sayarwa kai tsaye ga mai karatu

Marubutan Kano na da suna raba littafi kashi biyu ko uku, su tsaya a daidai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba. Dabarar ce ta dawo a waya da sunan shafukan kyauta. Ana sakin babi 8 zuwa 10 kyauta a Facebook, Wattpad ko tashar WhatsApp, sannan wanda ke son ci gaba ya biya a saka shi a zauren masu kuɗi.

Ga iyakokin da ya kamata a sani. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa lokaci guda yana tsayawa a 256, kuma sai wanda ya ajiye lambar mai aikawa ne saƙon ke isar wa. Zauren Telegram yana kai wa mutum 200,000, kuma tun ƙarshen 2021 yana da maɓallin da ke hana mambobi kwafa ko tura abin da aka saka. Saboda wannan maɓalli, Telegram ya fi dacewa da littafin kuɗi, duk da cewa masu karatu da yawa sun fi sabawa da WhatsApp.

Wajen karɓar kuɗi, a yi amfani da WhatsApp Business a kan lambar da aka ware domin sana'a. Yana da amsa ta nan take da za a ajiye farashi da lambar asusu a ciki, da lakabin da ke raba wanda ya biya da wanda bai biya ba. Kada a amince da hoton rasit ko saƙon alat. Ana ƙirƙirar su cikin minti ɗaya. A buɗe manhajar banki, ko OPay, ko Moniepoint, a ga kuɗin da ido kafin a saka mutum a zaure. Masu karatu na Nijar da sefa suke biya, don haka marubuta kan naɗa amintaccen wakili a can ya karɓa ta Nita ko Amana. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya ɗora PDF a Selar, shafin Najeriya da ke karɓar kuɗi ya miƙa wa mai saye fayil da kansa, ya cire kasonsa.

Ga lissafi na misali kawai, domin a ga yadda abin ke tafiya. A ɗauka an sa littafi naira 500, mutum 60 suka saya: naira 30,000 ke nan. An biya mai gyara 5,000, data ta ci 5,000, an ba masu manyan zauruka 4,000 na talla, sauran ƙananan hidimomi 3,000. Abin da ya rage 13,000 ne, a kan aikin wata uku ko huɗu. Wannan ba albashi ba ne, kuma duk wanda ya ce littafin farko zai sayi babur yaudara yake yi. Ribar gaske ita ce lambobin mutum 60 da suka nuna za su iya cire kuɗi. Littafi na biyu da su zai fara, ba tare da an sake biyan talla ba.

Shi ya sa alƙawari ya fi komai tsada a wannan kasuwa. Idan an ce Litinin da Alhamis ake saki, a saki Litinin da Alhamis. Batsa kuma, ko da tana jawo masu saye da wuri, tana rufe ƙofar gasa da ta fim, kuma a gari irin Yelwa kowa ya san gidan kowa.

Mataki na 6: Gadin kaya

Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba marubuci haƙƙin aikinsa tun daga lokacin da ya rubuta shi, ba sai ya yi rajista ba, kuma haƙƙin yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana da tsarin rajista ta intanet ga mai son ƙarin shaida. Tarihin gyara na Google Docs shi ma hujja ne na wanda ya fara rubutawa.

Dokar ta ce sallama haƙƙi gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, sai da rubutu. Don haka kafin a karɓi ko sisi daga tasha ko furodusa, a rubuta takarda, ko da shafi ɗaya ce, ta amsa waɗannan: me aka sayar, murya ce kawai ko fim ko duka? Na shekara nawa? Nawa ne kuɗin, kuma yaushe za a biya? Za a ambaci sunan marubuci? Yana da damar sayar wa wata tasha? Wanda ya amsa da "na sayar maka da littafina" a saƙon murya a kan naira dubu goma, zai iya ganin labarin ya zama fim mai dogon zango ba shi da bakin magana.

Satar PDF ba ta da magani na dindindin, amma ana rage ta. A sa sunan mai saye ko ƙarshen lambarsa a ƙasan shafukan kwafin da aka ba shi. Idan ya fita, an san ƙofar da ya bi. Idan wata tasha ta karanta littafi ba izini, YouTube yana da fom na kai ƙarar satar fasaha, kuma yana sauke bidiyon idan ƙarar ta inganta.

Sai batun dogaro da manhaja ɗaya. OkadaBooks, wadda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ta kasance kasuwar da marubutan Hausa da dama suka riƙa sayar da littattafansu, amma ta rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Wanda masu karatunsa ke can kaɗai, ranar ya koma farko. Kowane marubuci ya riƙe abubuwa uku a hannunsa: asalin fayil a wuri biyu, wato Google Drive mai ba da gigabait 15 kyauta da kuma katin memori, jerin sunaye da lambobin masu saye a takarda ko a Google Sheets, sai tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da Telegram da imel, domin masu ƙwace lamba sun fi hari kan wanda ke shugabantar zaure mai kuɗi. Lambar sirri shida da ke zuwa ta saƙo ba a ba kowa ita, ko da ya ce daga kamfani yake.

Daga ina za a fara?

Mai sha'awa ba sai ya jira sabuwar waya ba. A wannan makon ya saita Gboard da Google Docs, ya rubuta jimlar labarinsa. A mako mai zuwa ya je wurin wani dattijo a Yelwa ko Wara ko Dugu, ya nemi izininsa, ya naɗi hirar awa ɗaya a kan yadda rayuwa take kafin ruwa ya zo. Daga nan ya ɗora wa kansa kalma 500 a rana. Cikin kwana 60 yana da kalmomi 30,000, wato littafi cikakke da zai shiga gyara. Waɗanda suka ga tashin gungaye a 1968 suna ƙara ƙaranci kowace shekara, don haka hirar ce ya kamata a fara gaggautawa.